Shuɗin Mai Ɗakina

Daren Talata na ji ƙarar. Tsas, sai shiru. Can kuma tsas-tsas, kamar mutum yana taka busasshen ganye da yatsun ƙafa don kada a ji shi. Ni kaɗai ne a gidan, mai ɗakina tana wurin 'yarmu Auta, an kai ta a cire mata yanar da ta rufe mata ido shekara shida. Da farko na ce ɓera ne. Amma shekara arba'in na yi ina gyaran agogo, kunnena ya san motsin abu mai rai da na marar rai. Ɓera gaggawa gare shi. Wannan kuwa ba ya sauri, ba ya tsoro.

Na ɗauki tocila na bi ƙarar har falo. Ba kowa. Ina tsaye sai wani abu ya sauko ta gaban hancina yana lilo, ya faɗi a kan tabarma. Na haska sama. Ashe fentin bango ne ya gaji, yake sakin jiki ɓawo-ɓawo. Na ɗauki guda na maƙala madubin aikina a ido, wanda nake leƙa cikin agogo da shi. A gefen ɓawon launi huɗu ne a jere kamar shafukan littafi: fari, kore, wani ja-ja, sai ruwan ƙasa a sama, wanda muka tarar ran da muka tare. Kowa ya zauna a ɗakin nan ya bar son ransa a bango, mu kaɗai ne ba mu bar komai ba. Na jefa ɓawon a gwangwanin da nake tara abubuwan da ban san amfaninsu ba, na koma na kwanta.

Da safe Auta ta kira ni a waya.

"Baba, Inna ta gani! An buɗe na dama, ta kalle ni ta ce wai yaushe na yi wannan ƙiba."

Ban san sau nawa na yi hamdala ba. Na zauna a bakin gado.

"Gobe za a yi na hagu. Asabar da hantsi zan kawo ta gida." Sai ta rage murya. "Baba, bangon fa?"

"Wane bango?"

"Baba."

Na san bangon da take nufi. Shekarar da muka tare a gidan nan, wata tsuntsuwa ta yi sheƙa a tagar falo. Da 'ya'yan suka tashi, mai ɗakina ta tsinci rabin ɓawon ƙwai, shuɗi mai haske irin wanda ban taɓa gani a jikin yadi ko kwano ba. Ta ɗora shi a tafin hannu ta ce, "Malam, wata rana haka nake son ɗakin nan ya zama." Na ce an gama. Na naɗe ɓawon a auduga na sa a gwangwanina. "An gama" ɗin nan sai da ya shekara ashirin.

Da idonta ya fara hazo ta sake tuna mini. Lokacin Auta ba ta da lafiya, uwar za ta tafi jinya wata guda, ta ce in yi kafin ta dawo. To a satin ne wani ya kawo mini tsohon agogon bango da ke buga sha uku duk sa'ad da sha biyu ta yi. Wa zai bar wannan ya kama buroshi? Wata guda cur na yi kaina a cikin cikinsa. Ran da ta dawo, idon ya ƙarasa rufewa. Ta tsaya a ƙofar falo ta dafa bango ta ce, "Malam, an yi?" Bakina ya riga hankalina. Na ce, "An yi."

Tun daga ranar, duk baƙon da ya shigo sai ta ce, "Ku dubi shuɗin ɗakina, Malam ne ya yi da hannunsa." Baƙo ya ɗaga kai ya ga bango kamar bayan tsohuwar tukunya, ya juyo ya dube ni, ni kuwa in kama tari. Shekara shida ina tari. Matar direba, maƙwabciyarmu ta jikin katanga, har magani ta taɓa aiko mini.

Ba faɗa nake tsoro ba. Ni da ita mun yi faɗa a kan gishiri, a kan rediyo, a kan wanda ya bar ƙofa a buɗe, duk kafin rana ta faɗi ya wuce. Abin da ya dame ni shi ne, abu na farko da za ta gani a gidanta ya zama shaidar cewa mijinta ya ci amanar makantarta. Kwana uku ne tsakanina da wannan.

Na sa gwangwani a aljihu na nufi shagon mai fenti a bakin titi. Dogo ake ce masa, don silin ɗin gidajen layinmu ba ya sa shi neman tsani. Na tarar yana wanke buroshi a rabin jarka. Na buɗe gwangwanin, na ture wani makulli da ba ya buɗe komai da dutse mai huda a tsakiya, na warware audugar a hankali.

"Wannan nake so."

Ya goge hannu a wando ya sunkuyo. Ya daɗe yana kallo.

"Baba, mutane kan zo mini da ƙyalle, ko hoto a waya. Wata ta taɓa zuwa da murfin kwano. Amma ƙwai, yau na fara."

"Akwai ko babu?"

Ya ɗauko wani ɗan littafi, kowane shafi ƙananan tagogi ne na launi, kowace da sunanta a ƙasa da lamba. Karatuna bai kai in karanta sunayen da sauri ba, amma na ƙirga shuɗi ashirin da bakwai. Ban taɓa sanin Allah ya yi shuɗi da yawa haka ba. Muka riƙa kara ƙwan da su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya yi duhu, wannan ya yi kama da rigar 'yan makaranta, wannan kamar sabulu.

"Naka ba na kanti ba ne," in ji Dogo. "Haɗa shi ake yi. Farin fentin ruwa bokiti biyu, kwalbar shuɗi, ɗan kore kaɗan. Yaushe ake so?"

"Asabar da hantsi."

"Wace Asabar?"

Da na gaya masa dalili bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya dai kulle shago ya ce mu tafi.

Ranar Laraba nan mun yi aiki. Muka fitar da kujeru da kabad tsakar gida, na sauke agoguna tara daga bango, kowanne ya bar zanen kansa a wurin da ya zauna. Dogo ya kama kankare tsohon fenti da wani ƙarfe mai faɗi, ƙura ta tashi har muka koma kamar an tono mu. Ya cike tsagogi, ya toshe ramukan ƙusa, kafin la'asar ya shafa farin farko da rola, buroshin nan mai birgima. Ɗakin ya yi girma, muryarmu ta riƙa dawo mana.

Yana wanke hannu ya ce, "Baba, abu biyu ne a aikin nan. Na ɗaya, fenti yana ɗanye maƙaryaci ne."

Na kama tari, ban ma sani ba.

"In ka shafa za ka ga ya yi duhu, in ya bushe sai ya ƙara haske. Kada ka yarda da shi sai ya bushe. Na biyu, haɗi sau ɗaya ake yi, a duro ɗaya, na ɗakin gaba ɗaya. Hannu ba ya maimaita haɗi, ko da hannuna ne. Gobe da sassafe zan zo mu haɗa."

Ya zo da sassafen, amma bai sauka daga babur ba. Ya miƙo mini rola da sandarta da kwalabe, hularsa a karkace, takalmi wari da wari.

"Baba, matata ce, naƙuda. Shekara tara muna jira."

"To me kake yi a nan? Tafi!"

Ya kai kwanar layi ya juyo ya ɗaga murya. "Duro ɗaya, Baba!"

Na tsaya a gaban duron. Na dubi bokitan fari biyu, na dubi kwalbar shuɗi. Ni mutum ne da ya saba ɗiga wa agogo mai da tsinin allura, ɗigo ɗaya, in saurara, sannan in ƙara. A ce in juye dukkan abin da nake da shi wuri ɗaya in kwarara launi a kai? In ya ɓaci fa? Shi ke nan, ba na biyu. Na ce Dogo yaro ne, bai san taka-tsantsan ba. Na ɗauko ƙaramin bokiti na ɗebi fari daidai na bango ɗaya.

Na ajiye ƙwan a kan taga, inda aka haife shi. Na ɗiga shuɗi, na juya da sanda, na shafa a bayan kwali, na kai rana ya bushe, na kara da ƙwan. Sau bakwai na yi haka. A na takwas na rasa gane inda ƙwai ya ƙare kwali ya fara. Na yi ta dariya ni kaɗai. Na kama bangon yamma, wanda ranar safe ke haskawa, rola tana tafiya tana wani sauti kamar ana tsotsar rake. Ban taɓa sanin shafa fenti yana da daɗi haka ba. Ka tura hannu sama, fari ya ɓace, sararin sama ya fito. Fentin ya ƙare daidai kusurwa, sai ɗan abin da na rage a kwano don shafa ta biyu.

Da azahar na zo haɗin bangon arewa. Na dubi ƙwan sai na ga ya canza. Ya yi fari-fari, kamar an wanke shi. Na ce ashe da safe idona ne bai gama farkawa ba, na cika shuɗi. Na rage ɗigo. Da la'asar, da zan haɗa na gabas, ƙwan ya sake juyewa, wani kore-kore ya fito masa kamar ruwan tafki. Na zauna a kan bokiti ina kallonsa, har na manta da aikin. Shekara ashirin da shida yana cikin auduga, ban san yana da wannan hali ba. Na buɗe kwalbar kore.

Na lura bangayen ba su yi kama da juna ba, ba zan ce ban lura ba. Amma ai Dogo ya ce ɗanyen fenti maƙaryaci ne. Na ce wannan ya bushe, wannan rabi, wannan ɗanye, gobe duk za su haɗu a hanya. Na kwanta bayana kamar an daka shi a turmi, raina kuwa fes.

Juma'a ta waye da hadari. Ƙwan ya yi shuɗi mai nauyi, da ɗan toka-toka a ciki. Na bi shi. Na gama bangon kudu, na koma na yi wa kowane bango shafa ta biyu da ɗan abin da na rage masa a kwano. Sannan hadarin ya watse ba tare da ruwa ba, na buɗe ƙofa da taga, iska ta shiga ta yi aikinta.

Da yamma na shiga falo, komai ya bushe ƙarau. Ba su haɗu a hanya ba. Yamma sararin sama, arewa kamar madarar da shuɗi ya ɗiga a ciki, gabas tafki, kudu hadari. Na leƙa bokitan fari, ko na shafa ƙofar akurki babu.

A haka Dogo ya same ni. Ya shigo bakinsa har kunne, idanunsa jajur don rashin barci.

"Baba, mace ce! Doguwa, wallahi, ƙafafunta kamar..."

Maganar ta tsaya. Ya juya gabas, ya juya kudu, ya juya yamma. Sai ya zame a hankali ya zauna a ƙasa, ya riƙe ciki. Dariya yake yi har ba ta fita.

"Baba, duro nawa na ce?"

"Ƙwan ne ya riƙa canzawa."

"Ƙwan! Rana ce ke tafiya, Baba. Kai da kake gyaran agogo!"

Na ce masa barka, Allah ya raya, sannan na tambaye shi ko akwai gyara. Ya share hawaye ya ce kantin da yake saro fari ya rufe, ko an samu ma, rufe wannan na kudu sai shafa uku, ba zai bushe kafin hantsi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ya ga yadda fuskata ta yi, sai ya tashi ya zaro ƙaramin buroshi daga aljihu.

"Kawo ragowar kwanonin. In za a yi kuskure, a yi shi da miƙaƙƙen layi."

Ya bi kusurwa huɗun nan ɗaya bayan ɗaya, daga silin har ƙasa, inda launi ya hau kan launi ya raba su, layi siriri kamar an ja da zare. Muka mayar da kujeru, na rataye agoguna. Ya tafi yana waiwaye yana girgiza kai.

Asabar da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gida. Auta ta fito da jaka, sannan uwarta, da baƙin tabarau a fuska kamar mai tuƙin jirgi. Auta ta miƙa hannu za ta riƙe ta, ta ture hannun. Ta tako ita kaɗai har gabana, ta tsaya, ta ɗaga tabarau kaɗan.

"Malam? Kai ne ka tsufa haka?"

"Sannu da zuwa."

"Wa ya zuba maka toka a ka? Ni na bar miji da baƙin gashi." Ta kai hannu ta taɓa gemuna. "Menene wannan shuɗi-shuɗi a gemunka?"

Ta wuce ni ta shiga. Ta tsaya ta kalli tsakar gida, igiyar shanya, randa, tsohon bokitin da ta shekara shida tana tuntuɓe da shi. "Ashe ja ne," ta ce. Daga nan ta nufi falo, ni da Auta muna biye kamar masu laifi a bayan alƙali.

A tsakiyar ɗakin ta cire tabarau gaba ɗaya. Ta juya a hankali, bango bayan bango. Agoguna tara suna ta tafiya, ban taɓa jin ƙararsu ta yi yawa ba sai ranar. Ta matsa ta shafa bangon yamma da tafin hannu, ta kai hannun hanci.

"Malam."

"Na'am."

"Fentin shekara shida ne yake wari haka?"

Ramin ƙarya ƙurarre ne, na zo ƙarshen nawa. Na cire hula na riƙe. Na ce, "Shekaranjiya da jiya na yi shi. Wancan karon ban yi ba. Na ce miki na yi, ban yi ba. Ki yafe mini."

Kafaɗunta suka fara motsi. Na ɗauka kuka take yi, har na taka zan je. Sai dariyar ta ƙwace mata, ta faɗa kujera tana dafe ido ɗaya.

"Inna, likita ya ce kada ki jijjiga!" in ji Auta.

"Bar ni! Malam, ido na rasa, ba hanci ba. Ran da na dawo daga jinya, ɗakin nan man agogo yake wari. Kuma hannuna kullum a bangon nan yake. Akwai wata tsaga daga bakin ƙofa, ita nake bi ta kai ni kicin. Wane irin fenti ne ba ya rufe tsaga?"

"Kin sani?"

"Tun kafin ka rufe baki."

"To me ya sa kike ce wa baƙi su dubi shuɗin ɗakinki?"

"Tarin nake son ji. Makauniya ba ta da abin kallo, kai ne talabijin ɗina."

Auta ta ajiye jakar da ƙarfi. "Inna! Ni fa? Shekara shida ina taya Baba ɓoyewa, har mijina na hana ya yi maganar bango!"

"Ke ma kin iya. 'Kai, Inna, ya yi kyau.' Muryarki har siririya take komawa."

Na samu bakin kujera na zauna, hular tana hannuna. Na ce, "Ba ki ji haushi ba?"

Ta daina dariya. "Na ji. Kwana uku ban so jin takunka ba. Daga baya na lura, tun ranar ba ka sake bari na nemi takalmina da kaina ba. Kullum suna bakin gado a jere. Na ce bari in bar shi, wannan mutum yana shafa fentinsa ta wani wurin."

Auta ta juya tana gyara labulen da ba abin da ya same shi.

Na ce, "Ba haka na so ya fito ba. Kala ɗaya na nufa. Ki zaɓi wanda ya yi miki, Dogo zai zo Litinin ya mayar da sauran irinsa."

Ta tashi ta sake zagaya ɗakin. Ta tsaya a gaban na gabas ta karkata kai, ta koma na kudu ta ja baya ta ƙanƙance ido, ta daɗe a gaban na arewa, mai hasken nan, har na ɗauka shi za ta ce.

"Shekara shida kala ɗaya nake gani, hazo. Yau an ba ni huɗu, ka ce in mayar da uku? Wanda ya taɓa mini bango ni da shi ne." Ta nuna kujerarta. "Auta, jawo mini ita tsakiya, inda zan riƙa juyawa."

Ana cikin jan kujera muka ji sallama. Matar direba ce, ta shigo da saurinta, mayafi a hannu, tun daga tsakar gida take magana.

"Ina mai sabon ido? Barka, barka! Kin gane ni kuwa? Allah ya ƙara lafiya, ya..."

Ta tako cikin falo ta yi turus. Ta dubi yamma, ta dubi arewa, ta bi miƙaƙƙen layin kusurwa da ido tun daga sama har ƙasa, ta juya ta dubi sauran biyun. Mai ɗakina ta gyara zama a tsakiyar ɗakin ta harɗe hannu. Auta ta cusa bakin mayafi a baki.

"Wai ni kam," in ji matar direba, "fentin ne ya ƙare muku, ko da gangan aka yi?"